Yadda Ƙwayoyin Maɓuɓɓugar Yawu Ke Isar Wa Juna Saƙo

Babbar saniya mai cin ciyawa da harawa takan samar da yawu lita 100 zuwa 150 a kwana guda, alhali na ɗan Adam da wuya ya wuce lita ɗaya da rabi, wanda ke nufin garken shanu 20 da ke kiwo a dazukan Roni ko Gwiwa yana haɗiye yawun da ya kai lita 2,000 kowace rana ba tare da makiyayin ya lura ba. Wannan ruwa ba a ajiye yake a wata jaka cikin jiki yana jiran a buɗe shi ba, ana tatso shi ne daga jini a daidai lokacin da ake bukatarsa, kuma masu tatso shi ƙwayoyin halitta ne, wato ƙananan ɗakunan rai da aka gina jikin kowace dabba da su, waɗanda ido ba ya gani sai da na'urar ƙara girman abu. Sharhin na yau ya shafi yadda miliyoyin waɗannan ƙwayoyi ke sanin lokacin farawa da lokacin dainawa, domin a kan wannan sani ne lafiyar haƙori da narkewar abinci suka dogara, kuma a kansa ne wasu guba biyu da aka sani a ƙasar Kazaure suke yin ɓarnarsu.

Dabbobi masu shayarwa, ciki har da mutum, suna da manyan maɓuɓɓugan yawu kashi uku, kowane kashi dama da hagu. Akwai wadda ke gaban kunne, ita ce take kumbura idan yaro ya kamu da hangum, akwai wadda ke ƙarƙashin muƙamuƙi, sannan akwai ta ƙarƙashin harshe, ban da ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse a leɓe da kunci da ganɗa. Idan aka yanka ɗaya daga cikinsu aka duba ta da na'ura za a ga ƙwayoyin sun taru dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule ya kewaye wani ɗan rami a tsakiyarsa, ramin kuma ya zarce cikin siririn bututu da ke haɗuwa da wasu bututan har su zama babbar magudana mai buɗewa cikin baki. A bayan kowane dunƙule akwai wasu ƙwayoyi masu rassa da suka rungume shi, waɗanda ke iya matsewa irin ta tsoka. A shekarar 1954 wani likita ɗan ƙasar Denmark mai suna Thaysen da abokan aikinsa suka bayyana cewa aikin mataki biyu ne: dunƙulen yana fitar da ruwa mai gishiri daidai da na jini, sannan ƙwayoyin bututu su tsotse yawancin gishirin su mayar wa jiki kafin ruwan ya iso baki, shi ya sa yawun mutum ba ya da ɗanɗanon gishiri irin na gumi ko hawaye.

Saƙon farko daga ƙwaƙwalwa yake zuwa, ta jijiyoyin saƙo, waɗanda suka bambanta da jijiyoyin jini. Wajen shekarar 1850 masanin aikin jiki Bajamushe, Carl Ludwig, ya taɓa jijiyar da ke shiga maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙin kare da wutar lantarki, yawu ya ɓalle, kuma ya auna ƙarfin da yawun ke turowa da shi ya tarar yana iya zarce ƙarfin bugun jinin da ke shiga wurin, abin da ya rushe tunanin da ake da shi cewa yawu tacewar jini ce kawai, ya tabbatar da cewa ƙwayoyin da kansu ne ke aiki. A 1858 Claude Bernard na Faransa ya lura cewa taɓa wannan jijiya tana kuma buɗe hanyoyin jini, har jinin da ke fita daga maɓuɓɓugar, wanda a da baƙi-baƙi ne, ya koma ja wur. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, shi ne ya shahara da nuna cewa alamar zuwan abinci kaɗai ta isa ta sa kare dalala, abin da duk mai azumin da ya ji ƙamshin ƙosai gab da magariba ba ya bukatar a kafa masa hujja a kansa.

Jijiyar ba ta shiga cikin ƙwayar. Tana tsayawa ne kusa da ita ta saki wani sinadari da ake kira asetilkolin, shi kuma ya sauka a kan makarɓa, wato wani furotin da ke dashe a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar, wanda siffarsa ta dace da wannan sinadari. Da zarar an taɓa makarɓar sai a samar da manzo na biyu a cikin ƙwayar, wanda masana ke taƙaita sunansa da IP3, aikinsa kuwa shi ne buɗe rumbun da ƙwayar ke ɓoye sinadarin kalsiyam. Kalsiyam ɗin da ya fito yana buɗe ƙofofin kulorayid, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishirin miya, a gefen da ke fuskantar ramin dunƙule, kulorayid ya fita, sodiyam ya bi shi, ruwa kuma ya bi gishiri ta wasu ƙananan hanyoyin ruwa da ake kira akwaforin, waɗanda gano su ya sa Peter Agre na Amurka ya sami Nobel a 2003. Michael Berridge, wanda aka haifa a 1938 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, shi ne jigon gano aikin IP3 a 1983, kuma hanyar da ta kai shi ga wannan ta faro ne daga maɓuɓɓugar yawun ƙuda. Akwai kuma jijiya ta biyu, wadda ke tashi lokacin tsoro ko fushi, mai sakin noradiranalin, kuma ita ta fi umartar ƙwayoyin su zuba furotin da yauƙi maimakon ruwa. Bushewar bakin wanda ya tsaya gaban alƙali ko gaban taro tana faruwa ne mafi yawa saboda ƙwaƙwalwa ta dakatar da saƙon farko, ɗan abin da ya rage kuma ya yi kauri.

Duk wannan magana ce daga sama zuwa ƙasa, kuma da a nan ta tsaya da kowace ƙwaya za ta yi aikinta ita kaɗai gwargwadon rabon da ta samu daga jijiya, wata ta sami da yawa, wata kaɗan, wata ba ta samu ba sam, tun da ƙarshen jijiyoyin bai rarrabu daidai-wa-daida a kan ƙwayoyin ba. Abin da ke gyara wannan rashin daidaito shi ne maganar da ƙwayoyin ke yi a junansu, kuma a nan ne ainihin batun yake.

A shekarar 1964, a Jami'ar Columbia da ke New York, Werner Loewenstein da Yoshinobu Kanno suka soka siraran allurai na gilashi cikin ƙwayoyin maɓuɓɓugar yawun tsutsar wani ƙaramin ƙuda, suka tura wutar lantarki cikin ƙwaya ɗaya, sai suka same ta ta bayyana a cikin maƙwabciyarta kusan ba tare da ta ragu ba. Kafin wannan lokaci ana ɗaukar irin wannan haɗi a matsayin abin da ya keɓanta ga zuciya da wasu jijiyoyi. A 1967 Jean-Paul Revel da Morris Karnovsky suka ga wurin haɗin da na'urar ƙara girman abu ta ilektiron, suka tarar tantanin ƙwayoyin biyu sun matso juna har tazarar da ta rage ba ta wuce nanomita 2 zuwa 4 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kuma a cikin wannan tazara akwai ɗaruruwan ƙananan bututai jere da juna. Kowane bututu rabi biyu ne, kowace ƙwaya ta kawo rabi, kowane rabi kuma an gina shi da furotin 6 da ake kira konesin, sun yi da'ira sun bar huda a tsakiya. Abin ya yi kama da 'yar ƙofar nan da ake hudawa a katangar da ta raba gidajen 'yan'uwa biyu, wadda yaro zai bi ya kai saƙo ko ya karɓo garwashi ba tare da ya fita ta zaure ba, amma ba a iya shigar da buhun gero ta cikinta. Haka nan gishiri da kalsiyam da IP3 suke wucewa ta wannan huda, manyan furotin da ƙwayoyin gado kuwa ba sa wucewa, saboda haka kowace ƙwaya tana riƙe da kayanta duk da cewa labari ɗaya take ji da maƙwabtanta.

Tabbatar da wannan a maɓuɓɓugar yawun dabba mai shayarwa ya zo a 1978, lokacin da Hammer da Sheridan a Jami'ar Minnesota suka ɗura rini mai ƙyalli cikin ƙwaya ɗaya ta maɓuɓɓugar yawun ɓera suka ga ya yaɗu zuwa ƙwayoyin da ke kewaye da ita. Daga baya aka gano cewa mutum yana da nau'in konesin 21, kuma ba a zuba su barkatai ba: ƙwayoyin dunƙule masu fitar da yawu suna amfani da konesin 26 da konesin 32, su kuma ƙwayoyin da ke rungume da dunƙulen suna matse shi suna amfani da konesin 43, irin wanda ke haɗa tsokar zuciya. Ma'anar wannan ita ce a cikin wuri ɗaya akwai ƙungiyoyi biyu, masu tatsowa da masu matsowa, kowace da hanyar maganarta. Idan ƙwaya ɗaya ta karɓi saƙon jijiya, ambaliyar kalsiyam da ta tashi a cikinta tana farawa daga gefen rami ta bazu, IP3 kuma ya tsallaka ta huda ya tada irin wannan ambaliya a maƙwabciya, har dunƙulen ya amsa a matsayin abu guda. Akwai ma hanya ta uku da ba ta bukatar huda, inda ƙwayar da aka tada take sakin sinadarin ATP a waje, ya sauka a kan makarɓun ƙwayoyin da ke kusa.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa gwargwadon buɗewar ƙofofin, gwargwadon yawan aiki, amma binciken bai goyi bayan wannan sauƙaƙawa ba. A 1978 ɗin dai, Iwatsuki da Ole Petersen a Jami'ar Dundee ta Sikotilan suka nuna a cikin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, wadda ƙirar dunƙulenta ta yi daidai da ta maɓuɓɓugar yawu, cewa idan asetilkolin ya yi yawa ƙwarai ƙofofin rufewa suke yi, kowace ƙwaya ta keɓe. Masu bincike a Japan sun ga makamancin haka a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera. A 1998 kuma wata tawaga a Geneva ta binciki ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon konesin 32, ta tarar fankiriyas ɗinsu yana zuba sinadarin narkar da sitaci fiye da kima ko da ba a umarce shi ba. Fassarar da ta fi dacewa da waɗannan sakamako ita ce haɗin yana aiki biyu: lokacin da saƙo ya yi rauni yana yaɗa shi ya kai ga waɗanda ba su ji ba, lokacin hutu kuma yana rarraba zumuɗin ƙwayar da ta cika gaggawa a kan maƙwabtanta har ya lafa. Rufewar ƙofofin kuma kariya ce, domin ƙwayar da ta ji rauni takan cika da kalsiyam, kuma da ba a toshe hudar ba da ta ja na kusa da ita sun mutu tare.

Konesin 26 yana da wani tarihi a Afirka ta Yamma da ya cancanci a ratsa ta kansa. Irin wannan furotin ne ke haɗa wasu ƙwayoyi a cikin kunne, kuma a 1997 aka gano cewa lalacewar ƙwayar gadonsa ce babbar sanadin kurumtar gado a ƙasashe da dama. Shekara guda bayan haka aka gano wani nau'in wannan lalacewa a ƙauyen Adamorobe na ƙasar Gana, wanda ya daɗe da shahara da yawan kurame. Kuramen ba a san su da bushewar baki ba, abin da ke iya nuna cewa a maɓuɓɓugar yawu, inda konesin biyu ke aiki tare, rashin ɗaya ba ya tsayar da magana.

Amfanin wannan ilimi ga mai sauraro a Kazaure ko Babura ya fi bayyana a kan guba biyu da suke kishiyar juna. Zaƙami, tsiron nan mai farar fure da 'ya'ya masu ƙaya da wasu matasa ke jiƙawa su sha don maye, yana ɗauke da atirofin da hayosin, sinadaran da ke zama a kan makarɓar asetilkolin su toshe ta ba tare da sun isar da komai ba. Jijiya tana ta aiko saƙo, ƙwaya ba ta ji, sai baki ya bushe ƙayau, fata ta yi zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe, fitsari ya ƙi fita, hankali ya gushe. Tun 1872 Rudolf Heidenhain ya nuna a jikin kare cewa atirofin yana tsayar da yawu cak duk da cewa jini na ci gaba da kwarara zuwa wurin, wato ruwa yana nan, umarni ne bai isa ba. Shan ruwa komai yawansa ba ya jiƙa irin wannan baki. Ƙwayar Exol da ita ma ake sha ba bisa ƙa'ida ba ta wannan hanya take aiki.

Kishiyar zaƙami ita ce fiya-fiya da dangoginta na maganin ƙwari da manoman rani ke fesa wa tumatir da barkono a bakin madatsar ruwan Kazaure, ake kuma zuba wa wake a rumbu. Yawancinsu suna kashe wani sinadari da aikinsa shi ne share asetilkolin daga kan makarɓa da zarar ya gama isar da saƙo. Idan aka kashe mai sharewa saƙon ba ya ƙarewa, ƙwayoyin su yi ta tatsowa ba tsayawa, sai a ga yawu na dalala, hawaye da gumi na zuba, baƙin ido ya tsuke, huhu kuma ya cika da ruwa, wanda shi ne yakan yi kisa. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben dikulobos, sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin Sniper, saboda yawan mace-macen da aka danganta da shi. Maganin da likita ke yi wa wanda ya sha wannan guba allurar atirofin ce, wato ainihin sinadarin da ke cikin zaƙami, amma a ma'aunin da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan ana sauraren ƙirji har ruwan huhu ya janye, aikin da ba ya yiwuwa a gida. Ɗura wa mutum madara ko manja, kamar yadda aka saba, ba ya taɓa makarɓar ko kaɗan, sai dai ya ɓata lokacin kai shi asibiti, kuma yana iya sarƙe shi ya gangara huhun da tuni yake cike. Manomin da ya ga yawu ya cika masa baki bayan feshi, tare da jiri ko dishi-dishin gani, ya riga ya shaƙi abin da ya wuce kima.

Tsakanin waɗannan matsanantan akwai bushewar baki ta yau da kullum da ake yawan ɗora wa hunturu ko tsufa, alhali sau da yawa magani ne sanadi. Maganin mura irin su Piriton, da Buscopan na murɗar ciki, da amitiriftilin da ake bai wa masu damuwa ko ciwon jijiya, duka suna toshe wannan makarɓa gwargwado. Illar ba ta tsaya ga rashin jin daɗi ba, domin yawu ne ke wanke tsamin da ƙwayoyin cuta ke samarwa daga sukari, yana kuma mayar wa haƙori kalsiyam ɗin da ya zube, don haka dattijon da ya shekara kan irin waɗannan magunguna yakan ga haƙoransa suna ruɓewa daga gindi. Tauna da ɗanɗanon tsami su ne mafi ƙarfin abin da ke tada jijiyar, kuma wannan ɗaya ne daga cikin fa'idojin asuwaki ban da gogewar da yake yi. A lokacin barci kuwa maɓuɓɓugan kusan tsayawa suke yi, wanda shi ne asalin warin bakin safiya.

A jikin dabbobi masu tuƙa lissafin ya sha bamban, domin yawunsu ba ya ɗauke da sinadarin narkar da sitaci na a zo a gani, abin da ya cika shi shi ne bayikabonet, dangin sinadarin da ke cikin kanwa, kuma aikinsa kashe tsamin da ke tasowa a babban tumbi inda ƙwayoyin cuta masu amfani ke ruɓar da ciyawa. Maɓuɓɓugar gaban kunnen tunkiya da saniya ba ta tsayawa dare da rana, tana ƙaruwa ne kawai idan dabbar na tuƙa. Daga nan ake fahimtar abin da ke samun ragon layya da aka ɗure da dusa da tsaba aka hana shi harawa: abincin yana ruɓewa da sauri ya yi tsami, ba shi da kaushin da zai sa tuƙa, yawu ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, sai ciki ya ɓaci dabbar ta daina ci. Derek Denton a Melbourne ta Ostareliya ya nuna a shekarun 1950 cewa idan tunkiya ta rasa sodiyam, wani sinadari mai suna aldosteron da ke fitowa daga gaɓar da ke saman ƙoda yana bi ta jini ya umarci ƙwayoyin maɓuɓɓugar su riƙe sodiyam su saki fotasiyam a madadinsa, dabbar kuma ta shiga neman gishiri ido rufe. Wannan saƙo ne daga nesa wanda bai bi ta jijiya ko ta huda ba, kuma shi ne bayanin kimiyya na kanwar da makiyaya ke bai wa shanu, da na tafiyar da Fulani da Buzaye ke yi da garkunansu zuwa ƙasa mai gishiri a Ingal ta Jamhuriyar Nijar a ƙarshen kowace damina.

Maɓuɓɓugar yawu ta kuma koya wa masana yadda gaɓoɓi ke ginuwa tun a ciki. Clifford Grobstein ya nuna a 1953 cewa tsiron maɓuɓɓugar ɗan tayin ɓera ba ya yin rassa idan aka raba shi da naman da ke kewaye da shi, amma yana yi idan aka sa su gefe da gefe da siririn matacin da sinadari zai iya ratsawa. Daga maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙin namijin ɓera ne kuma Stanley Cohen ya tace sinadarin da ke sa jijiya girma, wanda Rita Levi-Montalcini ta fara ganowa, da wanda ke sa fata girma a 1962, aikin da ya ba su Nobel a 1986.

Wannan fanni na ƙarshe shi ne ya shafi marasa lafiyar da maɓuɓɓugarsu ta lalace. A cutar da likitan ido ɗan Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933, wadda mata suka fi kamuwa da ita da kusan tara cikin goma, garkuwar jiki ce ke afka wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, kuma sau da yawa ana samun sauran ƙwayoyi masu rai da yawa a wurin duk da bakin ya bushe, abin da ke nuna cewa isar saƙo ce ta fara lalacewa kafin ƙwayoyin su mutu. Irin waɗannan sukan amfana da filokafin, maganin da aka samo daga wani tsiron Barazil, wanda ke taɓa makarɓar kai tsaye a madadin jijiya. Masu ciwon dajin wuya da baki da ake gasa wa ƙari da haske, kamar yadda ake yi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato, matsalarsu ta fi tsanani, domin hasken yana kashe ƙwayoyin dunƙule ya bar na bututu, waɗanda ba a gina su don fitar da ruwa ba. Bruce Baum da tawagarsa a cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun gwada cusa ƙwayar gadon akwaforin cikin waɗannan ƙwayoyin bututu ta magudanar da ke buɗewa a kunci, kuma a sakamakon da suka fitar a 2012 kimanin rabin marasa lafiya 11 da aka yi wa gwajin sun sami ƙarin yawu. Wani bincike na 2010 a jikin ɗan tayin ɓera ya ƙara da cewa jijiyar da ke umartar fitar yawu ita ce kuma ke raya ƙwayoyin ajiya da sababbin dunƙule ke fitowa daga gare su, saboda haka masu neman farfaɗo da maɓuɓɓugar da haske ya ƙona suka koma duba yadda za a kare jijiyar tare da ƙwayoyin.